Layin Gwadabe, Gida Na Ɗaya

Gwadabe ya iso Yaoundé a shekarun da kuɗi ya ƙaurace wa garin, lokacin da ko wanda bai iya Faransanci ba ya iya cewa la crise. Ya zo daga Kano da keken surfani ɗaya, da manyan riguna biyu, da ra'ayi a kan kowace magana. Ya kama ɗaki a Briqueterie, unguwar da mutanenta ke gajarcewa su ce Birik, a gidan Goggo Kaltuma, wata Bafulatanar Garoua mai koriyar ƙofa da kaifin harshe. A Kano shagonsa yana jikin katangar gidan waya ne, kuma daga wannan maƙwabtakar ya tabbatar wa kansa cewa duk abin da ya shafi takarda da adireshi ya gama saninsa.

Bai daɗe ba harkar takarda ta iske shi. Hatimin da aka buga masa a kan iyaka ya kusa ƙarewa, dole ya nemi katin zama na baƙi, katin kuwa ba a ba da shi sai da shaidar inda mutum yake kwana. Baƙon da aka tare a hanyar Mokolo ba shi da kati, mota ake saka shi sai iyaka, kekensa na ɗinki ya zama na wanda ya riga kai hannu.

"Abin ba wuya, ɗan Kano," in ji Goggo, tana tsince shinkafa a tsakar gida. "Ka sayi goro mu je wurin mai unguwa, shef Mohaman Bello. Ni in ce a gidana kake. Haman mai soya, mai tsiren nan, ya ce kullum yana ganinka kana shaƙar hayaƙinsa ba ka saya. Shef ya sa hannu. Sai a zana hanya a takarda: daga masallaci ka gangara, ka wuce Haman, koriyar ƙofa. Haka kowa ya yi."

"Zane?" Gwadabe ya riƙe baki. "Goggo, babban birnin ƙasa guda, a zana wa mutum hanya kamar ana neman gonar rogo? Ina sunan layi? Ina lambar gida?"

"Sunan layin, layin Haman mai soya. Lambar gidan, Goggo Kaltuma."

"Ai shi ya sa ba ku ci gaba ba. A Kano, in masinjan gidan waya ya ɓata, ni yake zuwa ya tambaya. Ku bar ni, zan nuna muku yadda ake yi a birni."

"To, birni. Ka ɗaga ƙafa, ka taka mini faifai."

Washegari ya saka babbar riga ya tafi ofishin da ake karɓar takardun baƙi, ba goro, ba shef. Matar da ke bayan taga ta taɓa zama a Ngaoundéré, tana jin Hausar kasuwa. Tana cin gyaɗa, ba ta ɗago kai ba.

"Adireshi?"

"Layin Gwadabe, gida na ɗaya."

"Babu wannan layi a Birik."

"Zai kasance, Madam."

Sai a nan ta dube shi. "Ina takardar shef na unguwa?"

"Madam, wasu suna zuwa da goro. Ni da tsari na zo."

Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda aka rage wa albashi aka bar mata mutane. Ta ce to, ta ina ake bi zuwa gidan? Gwadabe ya yi ƙasa da murya kamar mai faɗin abin kunya, ya ce daura da mai soya, koriyar ƙofa. Ta rubuta a gefen takarda.

"Tunda ba takardar shef, Alhamis wani zai zo ya duba da idonsa. In ya same ka, bon. In bai same ka ba…" Ta nuna arewa da bakin biro.

Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai kasuwar Mokolo. Ya sayi gwangwanin fenti da buroshi da wani faffaɗan katako. Mai fenti ya ce akwai shuɗi, akwai baƙi. Gwadabe ya ce ja, domin ja ya fi fita daga nesa. Mai fenti ya ɗan dube shi, ya ga a wannan zamani ba a yi wa mai saye gardama, ya miƙa masa. Shi ne ma ya koya masa cewa layi da Faransanci rue ake cewa.

Ya zaɓi ranar da 'yan ƙwallon ƙasa ke wasa da yamma. A irin wannan rana, ko akuya ba ta zama a layi, kowa yana cunkushe a gaban talabijin ɗin da Haman ke fitarwa bakin titi. Gwadabe ya so abin ya zama ba-zata, mutane su dawo su tarar ƙauyensu ya zama birni. Da yake mai tsari ne, ya fara bin gidajen yana yi wa kowane bango jan giciye babba don kada ya ƙirga gida sau biyu. Bayan nan ya dawo yana rubuta lamba kusa da kowane giciye. Gidan Goggo a tsakiyar layi yake, amma shi ya ba lamba ɗaya, saboda a ganinsa mutum irinsa ba ya zama a lamba bakwai. Daga can lambobin suka riƙa tsalle hagu da dama yadda ƙafarsa ta kai shi. Bai kai ƙarshe ba ya ji ihu daga bakin titi, an tashi wasa. Ya ruga gida, ya tura gwangwanin ƙarƙashin gado kusa da allon da ya riga ya rubuta wa RUE GWADABE da manyan baƙaƙe, wanda ya tanada don ranar Alhamis. Ya wanke hannu da kalanzir, ya gyara hula, ya fito karɓar godiya.

Mutane sun shigo layi suna waƙa da tsalle, an ci wasa. Waƙar ta fara mutuwa daga gaba, tana mutuwa tana komawa baya, har ya rage wani tsoho ɗaya yana tafi shi kaɗai, shi ma ya daina.

Akwai abin da ɗan jikin katangar gidan waya bai sani ba. A Yaoundé jan giciye a bango ma'anarsa ɗaya ce, ko jariri ya san ta: hukumar birni ta yi alama, katafila tana tafe.

"Innalillahi!" Safiyatu mai ƙosai ta ɗora hannu a ka. "Sai da suka bari muna kallon ƙwallo! Munafukai! Mu muna yi wa ƙasa ihu, su suna yi mana alama!"

Gwadabe ya riga ya buɗe baki, kalmar "ni ne" tana kan harshensa, sai Haman ya yi magana. Haman dogo ne, mai sanyin murya, kuma wuƙar yankan nama ba ta barin hannunsa.

"Wannan ba aikin baƙo kaɗai ba ne. Baƙo bai san lungunan nan ba. Akwai ɗan gida da ya nuna musu hanya. Allah ya haɗa ni da shi." Ya goga wuƙar a gwiwar wandonsa, gaba da baya.

Gwadabe ya rufe baki, ya mayar da hannuwansa cikin riga.

"Wa ke warin kalanzir?" in ji Goggo.

"Fitila na gyara, Goggo."

Shef Mohaman Bello ya iso da sanda da tabarau. Tsoho ne mai natsuwa, wanda ya ga abubuwa da yawa bai yi mamakin ko ɗaya ba. Ya bi bangayen yana dubawa, ya daɗe, sannan ya ce giciyen dai an san shi, amma lamba sabuwar aba ce. A fahimtarsa, bi da bi ne: da haka katafila za ta bi gidajen.

Kowa ya ruga duba bangonsa. Haman ya dawo yana cewa Alhamdulillahi, shi yana can baya, kafin a iso shi man katafilar ya ƙare. Waɗanda aka yi wa giciye ba lamba suka rabu gida biyu, wasu suka ce an yafe musu, wasu suka ce su ne waɗanda ba a ma tsaya ƙirgawa ba. Goggo ta dubi nata bangon, ta ga lamba ɗaya, tsaye, ja, har fenti na zuba daga gindinta. Ta zauna a ƙasa.

"Ni? Ni ce farko? Me na yi wa gwamnati? Ko rediyo ba na yi mata gardama!"

Da Gwadabe ya yi shiru a nan, da ruwan sama da kwana sun shafe maganar. Amma taro ne, an yi cirko-cirko, ba wanda ya san abin yi, kuma Gwadabe bai taɓa ganin irin wannan fili ya bar shi ba kowa ba.

"Jama'a, ku kwantar da hankali," ya ce, ya hau kan turmin Safiyatu. "A Kano an yi mana irin wannan, ni na kore su."

"Sauka mini daga turmi," in ji Safiyatu.

"Yanzu, Hajiya. Ku saurara. Hukuma ba ta rusa gida sai ta aiko wani ya rubuta sunayen mutanen ciki. Ba suna, ba rusau. Saboda haka duk baƙon da ya shigo layin nan da takarda a hannu, ba wanda ya san kowa. Ya ce ina wane, ku ce ba ku taɓa jin sunan ba."

"Ko kai aka nema?" in ji Haman.

"Musamman ni! Ai ni za su fara nema, sun san wanda ya iya takarda."

"In kuma suka ritsa ka, ka amsa da bakinka fa?"

"Ni? A ritsa ni?" Gwadabe ya yi dariya. "In kun ji na ce ni ne, dabara ce. Ku musa. Ku ce yau kuka fara ganina."

Aka yi na'am. Har shef ya gyaɗa kai. Gwadabe ya sauka daga turmi yana jin kansa kamar gwamna. Ya tuna da mutumin Alhamis, amma bai damu ba: shi da kansa zai tsaya a bakin layi ya tare shi, ya bi da shi ta bayan gidaje, mutumin ya sa hannu ya tafi, daga baya a san yadda za a yi da maganar katafila.

Shef ya je hukumar birni ya tambaya. Ya tarar mai kula da wannan sashe ya fita yin tasi da motar surukinsa, na kusa da shi kuma ya ce bai san da wani rusau ba. Da shef ya kawo wannan labari, hankalin mutane ya ƙara tashi. Safiyatu ta ce ai in hukuma ta ce ba ta sani ba, to an riga an zuba wa katafila mai.

Sai aka shiga ceton abin da za a iya ceta. Haman ya kwashe murhunsa da teburinsa ya koma can bakin titi. Masu sabon kwano suka hau rufi da guduma. Gwadabe ya dawo daga sayen zare ya tarar da mutum biyu a saman ɗakinsa.

"Goggo! Me ake yi a kaina?"

"Kwanon ɗakinka ne sabo. Tsohon na bar wa katafila."

"To ni in kwana ina?"

"A ɗakinka mana. Bango yana nan."

Da la'asar ruwan Yaoundé ya sauko yadda ya saba, ba sallama. Gwadabe ya zauna a kan gado da tabarma a ka, ya rungume keken surfani, yana jin maƙwabta suna yaba masa ta kan katanga, suna cewa Allah ya kawo musu ɗan Kano a daidai lokaci.

Da safe ya ga abin da ya fi ruwan muni. Goggo ta sa an cire koriyar ƙofa, ana ɗora ta a kan kurar turawa za a kai wa ƙanwarta a unguwar Nkomkana.

"Goggo, don Allah, ƙofar nan a bar ta!"

"Ƙofar da marigayi ya kawo tun daga Garoua? In bar wa katafila?"

"Ko zuwa Alhamis kawai."

Goggo ta tsaya. "Me zai faru Alhamis?"

"Ba komai. Rana ce mai kyau."

Kafin azahar duk layin ya ji cewa ɗan Kano, wanda ya san cikin hukuma, ya ce Alhamis ce. Waɗanda suka yi jinkiri a kan kwanonsu suka hau rufi su ma. Aka rataya tsohuwar tabarma inda ƙofar take.

Ranar Alhamis Gwadabe ya saka rigar da ta fi bushewa, ya tsaya a bakin layi tun da hantsi. Duk wanda ya wuce ya ce, "Sannu da gadi, Malam Gwadabe." Can sai ga wani mutum tafe, kwat da wando, karabat, wato laktaye, a wuya, takalmi yana sheƙi, baƙar jaka a hannu, yana duban gidaje ɗaya bayan ɗaya. Gwadabe ya tare shi da hannu biyu.

"Misye! Bienvenue! Ni kake nema, kada ka wahalar da kanka."

"Ah bon?" in ji mutumin.

"Zo mu zauna tukuna. Ba a yin aiki da yunwa."

Ya ja shi wurin mai shayi, nesa da idon 'yan layi. Ya sa aka haɗa shayi da madara, da burodi, da wainar ƙwai. Ya aika aka karɓo soya wurin Haman, karo na farko tun zuwansa garin. Mutumin yana ci yana gyaɗa kai, Gwadabe yana ba shi tarihin gidan waya na Kano, da yadda za a gyara Yaoundé in an samu masu kai. Da mutumin ya share faranti, ya goge baki, ya ɗora jakar a gwiwa ya buɗe. Gwadabe ya gyara zama yana jiran hatimi.

Kwalabe ne jere a ciki.

"Wanne kake so, patron? Na tsutsar ciki ko na ciwon baya? Dā a banki nake aiki, bankin ya rufe. Amma kwat ɗin tana nan, mutane sun fi yarda da magani in mai kwat ya kawo."

Gwadabe ya miƙe zumbur, domin daga cikin layi ya fara jiyo hayaniya.

Mutumin da ofis ya aiko bai biyo ta bakin titi ba. Kuɗin tasi ya daɗe da fita daga lissafinsa, sai ya yanko ta gangare, ya tsallake lambatu, ya shigo ta ƙasan layi. Siriri ne, rigarsa ta koɗe, da lema a hannu ɗaya, takardu cikin leda a ɗayan. Mutumin Maroua ne, Hausarsa a tsaye. Ya fara da Safiyatu.

"Sannu, Mama. Ina gidan wani Gwadabe?"

Safiyatu ta dubi ledar takardun. "Gwada me?"

"Gwadabe. Tela, ɗan Najeriya."

"Ban taɓa jin sunan ba. Sunan mutum ne?"

"To ina mai soya na layin nan?"

"Mu nan ba ma cin nama."

Ya bi gida gida. Wani ya ce shi baƙo ne, jiya ya zo. Wata ta ce ba ta jin Hausa, da Hausa mai kyau. Wani ya tura shi can unguwar Elig-Edzoa. Mutane suka taru a bayansa, suna binsa a hankali, har ya tsaya a gaban gidan da ke da lamba ɗaya da tabarma a ƙofa, inda Goggo ke zaune a kan kujera kamar mai gadin fada. A nan Gwadabe ya iso yana haki.

"Misye! Ni ne! Ni ne Gwadabe!"

Ma'aikacin ya juya ga Goggo. "Mama, kin san wannan?"

Goggo ta ƙare wa Gwadabe kallo daga hula zuwa takalmi, ta ƙifta masa ido ɗaya yadda kowa ya gani. "Wannan? Mai tallan riguna ne. Wucewa yake yi."

"Goggo! Ni ne fa! Ɗakina ga shi can!"

"Ka ji ko? Haka yake yi a kowane gida. Allah ya ba shi lafiya."

"Haman, don girman Allah, faɗa masa!"

Haman ya matso, ya dafa kafaɗarsa, ya raɗa masa da muryar da ta isa ƙarshen layi, "Kada ka damu, muna tare da kai." Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Yau na fara ganinsa, Misye."

"Ba rusau ba ne!" Gwadabe ya yi ihu. "Maganar katin zamana ce!"

"Gaskiya ne," in ji ma'aikacin. "Shaidar wurin kwana na zo dubawa."

"Haka suke cewa," in ji Safiyatu. "Kai, ɗan Kano ya iya dabara. Dubi har gumi yake yi."

Ma'aikacin ya zaro takarda daga leda ya karanta ba gaggawa. "An rubuta daura da mai soya. Ban ga mai soya ba. An rubuta koriyar ƙofa. Ban ga ƙofa ba ma, balle koriya. An rubuta layin Gwadabe, kuma duk layin ba wanda ya san Gwadabe." Ya hango tsohon mai tabarau. "Kai ne shef?"

"Ni ne."

"Akwai mai wannan suna a unguwarka?"

Shef Mohaman Bello mutum ne da ba ya son ƙarya, sai ya yi nazari ya samo gaskiyar da za ta yi aiki. "Ni dai ba wanda ya taɓa zuwa wurina da wannan suna."

Ma'aikacin ya cire murfin biro. Gwadabe ya ga bakin biron ya sauka a takarda, ya ga motar iyaka, ya ga kekensa a hannun wani. Ya bangaje tabarmar ya faɗa cikin gida. Aka ji ƙarar jan gado. Ya fito da katako rungume a ƙirji, ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

"Ga shaida! Karanta, Misye! Wa ke da layin nan? Sunan wa ke nan?"

RUE GWADABE, da manyan baƙaƙe, ja wur. A bayansa gwangwanin fenti, wanda ya maƙale a gefen riga, ya gangaro ta ƙofa ya tsaya a gaban Goggo, buroshi na ciki.

Haman ya dubi allon, ya dubi bango, ya sake duban allon. Ya sa yatsa a gwangwani, ya shafa a jikin giciyen gidan Goggo. Launin bai bambanta ba ko kaɗan.

Goggo ta miƙe a hankali. "Fitila ka gyara, ko?"

"Goggo, lambar gida ce kawai. Ci gaba ne. A Kano…"

Abin da ya biyo baya an ji shi har Mokolo.

"A nan yake, Misye! A gidana yake! Ga ɗakinsa can, wanda ba kwano! Ka tafi da shi!"

"Gwadabe ne, wallahi Gwadabe ne!" in ji Safiyatu. "Kullum da safe sai ya tsaya ya koya mini yadda ake ƙosai a Kano! Bangona da nasa ɗaya, minsharinsa ya hana kajina yin ƙwai!"

"Rubuta sunana a shaida," in ji Haman. "Haman mai soya, daura da gidan. Murhuna yana bakin titi saboda wannan bawan Allah. Rubuta da kyau."

Masu kwano a ƙasa suka matso, kowa yana rantsuwa ya san shi, ya san lokacin tashinsa, ya san inda yake shanya rigunansa biyu. Wadda ba ta jin Hausa ta fi kowa bayani. Ma'aikacin ya jingina lema a bango yana rubutu, fuskarsa ba ta canza ba, sai dai gefen bakinsa da ya ɗan motsa.

"Ya isa," ya ce. "Na daɗe a wannan aiki, ban taɓa samun shaida mai ƙarfi haka ba. Ba a yi wa mutum irin wannan zagi sai a unguwarsu." Ya hura hatimi, ya danna wa takardar a kan gwiwarsa, ya miƙa wa shef ya sa hannu a ƙasa.

Gwadabe ya karɓi takardar. A wurin adireshi an rubuta: Briqueterie, layin jan fenti, a tambayi kowa.

"Yauwa," in ji Goggo. "Ka samu takardarka. Kwashe kayanka."

"In ya tashi daga nan, takardar ta mutu," in ji ma'aikacin, yana ɗaukar lemarsa. "Sai ya sake sabuwa a wani layin."

Shef ya cire tabarau ya goge. "Wani layin? Jama'a, wane layi ne ya yi mana laifin da za mu tura musu wannan?"

Aka yi shawara a tsaye, ba a nemi ra'ayin Gwadabe ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Zai zauna. Zai mayar da kowane kwano inda yake, nasa a ƙarshe. Zai shafe bangaye da farar ƙasa. Kuma zai je Nkomkana ya ɗauko koriyar ƙofa, ba a kura ba, a ka.

Haka aka yi. Waɗanda suka gan shi yana ratsa Mokolo da ƙofa a ka sun ce yana tafe yana bayyana wa masu wucewa cewa itacen Garoua bai kai na Kano nauyi ba. Farar ƙasar kuwa ba ta riƙe ba, duk ruwan da aka yi sai jan ya sake leƙowa, har masu tasi suka san wurin da sunan da ma'aikacin ya rubuta. Katin zama ya fito. Goro ma ya kai wa shef daga baya, da Goggo a bayansa tana nuna masa hanya.

Allon, Haman ne ya samo masa aiki. Katakon tsallake lambatu na ƙasan layi ya ruɓe, sai ya shimfiɗa shi a wurin, rubutu a sama.

Bayan wasu watanni wani sabon tela ya zo daga Zariya, Gwadabe ya ɗauke shi zagayen unguwa. Da suka iso lambatu, baƙon ya tsaya yana karanta abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

"Malam Gwadabe, ba sunanka ba ne wannan ake takawa?"

Gwadabe ya gyara hula. "Kai yaro ne a harkar birni. Kafin in zo, layin nan ko suna ba shi da shi. Yanzu ko shef ne zai shiga, sai ya bi ta kaina."